Awon Asuba

Likitan ido bai yi musu ɓoye-ɓoye ba tun ranar farko. Ya ce idon Inna na hagu ya riga ya tafi, sai dai haƙuri. Na daman kuwa wata farar yana ce ta lulluɓe shi, kuma ana iya cire ta, amma shi ba zai taɓa idon mai ciwon suga da wuƙa ba sai sugan ya kwanta. Ya ba su wata uku.

"Ku je ku lallaɓa shi, Mama," in ji shi. "In ya sauka ya zauna, ku dawo mu yi aiki."

Auta ce ta rako uwarta, saboda haka ita nas ta danƙa wa kayan awo: wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba, da kwalbar 'yan takardun da ake ɗiga jini a kai, da abin huda yatsa mai kama da biro. Ta haɗa mata da takarda mai gida huɗu a kowace rana, na safe kafin a ci komai, da na bayan kowane abinci. Nas ɗin tana bayani, idonta na kan layin mutanen da ke jira. Akwai tambaya a bakin Auta. Ita tana gidan wanki da guga tun ƙarfe bakwai har faɗuwar rana, Inna kuma tana kicin ɗin wani otal, to wa zai cike gidajen rana? Amma Auta irin matan nan ce da in suka tsaya gaban mai farin kaya ba sa iya tambayar komai. Ta ce "to", ta ce "mun gode", ta kama hannun Inna suka fito.

A hanya ta yi ta juya abin a ranta har ta samu mafita. Suga ai suga ne. Wanda ke jikin mutum da asuba shi ne zai wuni da shi. Ta sayi ɗan littafi mai shuɗin bango, ta ja layi ɗaya a tsakiyar kowane shafi, kwanan wata a hagu, lamba a dama. Takardar nas mai gida huɗu ta ninke ta ta sa ƙarƙashin katifa.

Washegari bayan sallar asuba ta zauna a bakin gadon Inna, ta kama yatsanta.

"Wash! Ke 'yar nan, yatsa za ki huda ko rijiya za ki haƙa?"

"Inna, ban ma danna ba tukuna."

"To danna mana, kin tsare ni da ido kamar mai ɗaukar hoto."

Jini ya fito ɗan tsito. Na'urar ta ƙirga daga biyar zuwa ɗaya, ta tsaya.

"Nawa ta ce?"

"Ɗari biyu da sha huɗu."

"Ita nas ɗin nawa take so?"

"Ƙasa da ɗari da talatin."

Inna ta taɓe baki. "Lallai abar nan ba ta da kunya. Jiya-jiya ta shigo gidan mutane, har ta fara tonon silili."

Shekara talatin da ɗaya Inna ta yi tana haɗa kayan zaƙi a otal ɗin nan: kek, da kirim, da jam, da ruwan sugan da ake ƙonawa ya yi launin zuma. Mace ce da ba ta yarda wani abu ya gagare ta. A sati na biyu ta dawo wata rana a gajiye liƙis, ta sha ƙwayarta ta kwanta ba ta ci komai ba. Da asuba na'ura ta nuna ɗari da talatin da takwas.

"Af!" in ji Inna, ta tafa hannu. "Na gano lagonta. Ashe yunwa take tsoro."

Daga ranar ta daina cin abincin yamma. Auta za ta zuba mata, ita kuma ta ture kwanon ta ce a ba ta ruwan zafi. Lambobi suka fara saukowa kamar masu jin magana. Ɗari da talatin da ɗaya. Ɗari da ashirin da shida. Ranar da na'urar ta fara nuna ɗari da sha tara, Inna ta tashi ta taka rawa daga gado zuwa ƙofa, zaninta a hannu.

Akwai kuma ranakun da lambar kan yi tsalle. Ranar farko da hakan ta faru Inna ta janye hannunta ta duba.

"Wannan yatsan maƙaryaci ne. Shi nake tsomawa a kwanon kirim, zaƙi ya shige shi har ƙashi. Gwada ɗan ƙaramin, shi ba ruwansa da kowa."

Auta ta gwada ƙaramin, lambar ta ɗan ragu, ita ta rubuta. Abin ya zama ɗabi'a. In ta farko ba ta yi musu daɗi ba sai a sake, wani lokaci har sau uku, a ɗauki ƙaramar. A ranta Auta ba ta ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba, don kowace lamba ta rubuta, da idonta ta gan ta a fuskar na'urar.

Duk ƙarshen mako Yaya yakan zo, babban ɗan Inna, direban motar dakon kaya. In ya zo da matarsa ana dafa abu mai daɗi, kuma Inna ba ta iya ture kwano a gabansa. Washegarin irin wannan ranar sai ta ɓoye hannayenta cikin mayafi.

"Yau hutu. Inji ma ai yana son hutu."

"Inna…"

"Ke da kanki kin san abin da za ta ce. Don me za mu ɓata shafi mai kyau?"

Auta takan yi dariya ta mayar da kayan cikin jakarsu.

Yaya in ya gama ci yakan ce a kawo masa littafin. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya lashi yatsa ya buɗe shafi, yana gyaɗa kai kamar shugaban makaranta.

"Kai, kai, kai! Likitar gida! Inna, kin ga rubutun yarinyar nan kuwa? Kamar na inji. Da mun sani da ba mu bari ta ajiye karatu ba."

"Ka bar zuga ta, yanzu sai ta fara sa farar riga tana yi mana tsawa."

Auta takan sunkuyar da kai ta shige kicin, amma daɗin maganar yakan kwana uku a ƙirjinta. Aji shida ta tsaya. Tun daga lokacin ba wanda ya taɓa duba wani abu da ta rubuta ya ce ya yi kyau. A wurin aiki, tana jan dutsen guga kan rigunan mutane, tururi na dukan fuskarta, takan tuna shafukan nan ta ji kamar ita ma tana riƙe da wani abu a duniya. Idon Inna yana hannunta, kuma tana riƙe da shi da kyau.

Ba wai ba ta ga wasu abubuwa ba. Ta ga Inna tana shanye gorar ruwa a tsaye, ta cika ta sake shanyewa. Ta ga rigunanta sun fara yi mata yawa a kafaɗa. Ta ga tana lalubar kofi a kan tebur kafin ta kama shi. Wata safiya Inna ta yi ta kaɗa hannu a gaban fuskarta.

"Ƙudan nan sun dame ni."

"Ba ƙuda a ɗakin nan, Inna."

"To wani baƙin zare ne ke yawo. In na juya ido sai ya biyo ni."

Auta ta tashi da sauri. Ta ɗauko littafin ta buɗe, ta bi lambobin da yatsa tun daga sama har ƙasa. Duk suna nan a jere, ba wadda ta haura ɗari da arba'in tun sati na uku. Hankalinta ya kwanta. Ta ce wa kanta yanar ce ke ƙara kauri, kuma saura kwana goma sha tara a cire ta.

Ranar komawa asibiti Inna ta haɗa 'yar jaka, da zani biyu da silifas da buroshi, don ta riga ta ɗauki hutun sati biyu a wurin aiki. Ta ce wa maƙwabciyarsu in ta dawo za ta ƙirga mata furfurar kanta ɗaya bayan ɗaya. A asibiti aka ɗebi jini a hannunta, ba a yatsa ba, aka ce su jira. Suka jira har rana ta take.

Auta ta miƙa wa likita littafin da hannu biyu. Ya buɗe, ya juya shafi, ya sake juyawa. Ya dubi wata takarda da ke gabansa, ya koma kan littafin. Sai ya cire tabarau ya murza ido.

"Ke kika rubuta?"

Ta gyaɗa kai.

"Ina awon bayan abinci?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kuma tun sati na uku ba rana ɗaya da ya hau? Ga kwanaki ma nan da babu su sam."

"Likita, ka bar yarinyar nan," in ji Inna. "Ta yi ƙoƙari. Kullum sai ta huda ni, yatsuna duk sun zama rariya."

"Ba faɗa nake yi ba, Mama." Ya juyo wajen Auta, ya sassauta murya. "Na'urar ba ta yi miki ƙarya ba. Amma abin da ta sani shi ne minti ɗaya, mintin da kika ɗiga jinin. Yini kuwa yana da tsawo. Awon da muka yi yau na wata uku ne. Suga yana maƙale wa ƙwayoyin jini, su kuma suna yin kamar wata uku a jiki kafin su mutu, saboda haka duk abin da ya wuce, safe da rana da yamma, yana nan a jikinsu. Bakwai muke son gani. Da takwas ma na gani da na yi shahada na shiga. Na Mama goma ne da ɗigo biyu."

Auta ba ta san me goma da ɗigo biyu ke nufi ba, amma ta ga bai rufe bakin bironsa ba, yana ta juya shi.

"Littafinki ya ce ɗari da ashirin da wani abu," in ji shi. "Jininta ya ce a wajen ɗari biyu da hamsin take wuni."

Ya sa aka ɗiga wa Inna magani a ido, suka ƙara jira. Sannan ya zaunar da ita gaban injinsa, ya haska idon ya daɗe yana leƙe. Da ya ɗago ya ce ƙananan jijiyoyin jini da ke can bayan idon sun fara tsiyaya, zaren da take gani ke nan. Cire yana ba zai gyara wannan ba. Zai tura su wurin wani likitan, za a fara mata allura maimakon ƙwaya, su dawo bayan wata uku.

"To aikin fa?" in ji Inna. "Ga jakata na zo da ita."

"Ba yau ba, Mama."

Suka shiga mota zuwa gida. Jakar tana kan cinyar Inna, ta rungume ta. Auta tana kallon titi ba ta ganin komai. Tambaya ɗaya ke cin ta: matar da ba ta cin abincin yamma, da safe kuma rabin burodi da shayi ba suga, daga ina ɗari biyu da hamsin ta fito?

Inna ta soke hutunta ta koma aiki washegari. Da rana ta yi tsaka Auta ta ce wa mai gidan wankin cikinta ke murɗawa, ta saka na'urar a jaka ta kama hanyar otal. Ta bi ta ƙofar baya, inda ake ajiye manyan kwandunan shara. Zafi da ƙarar tukwane suka tare ta. Wata mata mai yankan albasa ta ɗago kai, ido duk hawaye.

"Lale! Ga Autar Mai Harshe! Kin zo ki ga inda uwarki ke mulki? Tsaya nan gefen firji, kada Babban Kuku ya taka ki."

Auta ta raɓe. Daga can ƙarshen kicin ta hango Inna cikin farar rigar aiki, tukwane uku a kan wuta, cokali a aljihun gaba. Ta tsoma cokalin a jam ta kai baki, ta ɗan tsaya, ta ƙara suga, ta juya, ta sake kaiwa baki. Ta matsa kan ruwan sugan da ke tafasa, ta ɗiba ta hura, ta lasa. Ta lakaci kirim. Ta gutsuri gefen kek ɗin da ya fito daga tanda.

"Mai Harshe!" Babban Kuku ya ƙwala kira, wani ƙaton mutum mai doguwar hula. "Zo ki ji mana wannan kastad ɗin, yaran nan sun ce ya yi, ni ban yarda da su ba."

Inna ta je ta sha cokali guda. "Wa ya haɗa wannan? Ruwan wanke kwano ne?" Aka kwashe da dariya. Aka ƙara suga, ta sake sha. Aka ƙara, ta sake sha.

Auta ta fara ƙirgawa a ranta. Kafin agogon bango ya ci rabin awa ta kai goma sha huɗu, ta daina.

Da Inna ta fito bayan kicin shan iska ta tarar da ita a tsaye, ba ta tambaye ta me ya kawo ta ba. Ta zauna kan wani juyayyen bokiti. Auta ta wanke mata hannu a famfo da sabulu, ta goge, ta huda. Na'ura ta ƙirga.

"Nawa?"

"Ɗari uku da saba'in da biyu."

Inna ta juya kai wajen katanga. "Ai ɗanɗano ba ci ba ne," ta ce a hankali, kamar ita ma ba ta yarda da maganar ba.

"Inna, sau goma sha huɗu na ƙirga."

"Rabona da ganin lambar sikeli ya fi shekara, Auta. Da can da ido nake sanin ruwan suga ya nuna, in na ga ya fara ja a gefe sai in sauke. Yanzu duk tukwanen launinsu ɗaya a wurina. Da sau ɗaya nake ɗanɗanawa, a ƙarshe. Yanzu sai na bi abu da baki tun daga farko har ya gama. Su kuma sun ɗauka ƙwarewa ce, kowa ya haɗa abu sai ya kira ni. In na ce ba zan ɗanɗana ba, a ranar za su gane ba na gani."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa miki me? Ina jin ƙishirwa kamar na haɗiyi gishiri, na san wani abu ba daidai ba. Amma in na ga kin rubuta lamba da asuba kina murmushi, sai in ce wataƙila littafin ya fi ni sani."

Auta ta durƙusa a wurin, gefen kwandon shara, ta rufe fuska da mayafi. Inna ta laluba ta samu kan Auta, ta ɗora hannu.

"Tashi, ana kallonmu. Kek ɗina zai ƙone."

A ƙarshen watan Inna ta ajiye aiki. Yaya ne ya je ya kwaso mata kayanta, ya dawo bai nemi ganin littafi ba, bai kuma sake kiran Auta likita ba. Aka fara allura. Auta ta roƙi mai gidan wankin ya riƙa barin ta ta fita da tsakar rana, tana sauri ta zo ta auna ta koma. Lambobin farko munana ne, ta rubuta su yadda suka zo. Sannu a hankali suka fara sauka, na gaske a wannan karon, har ta fara sa rai.

A sati na shida da fara allurar, Inna na zaune tana tsince shinkafa da hannu, sai ta tsaya cak.

"Auta. Kamar an zuba tawada a ruwa."

Likita na biyu ya ce jini ne ya ɓalle ya cika idon. Wani lokaci yakan washe, wani lokaci ba ya washewa. Za a jira a gani, shi dai ba zai yi musu alkawari ba. Abin da ya rage mata ɗan haske ne a gefe ɗaya, in ta karkata kai takan ga inuwar ƙofa da ta mutum.

Wata rana Auta ta dawo da la'asar ta tarar da ƙofar ɗaki a buɗe. Inna na tsaye a tsakiyar ɗakin, idanunta a rufe gam, hannu ɗaya a miƙe a gaba, tana takawa a hankali, leɓɓanta na motsi.

"…biyar, shida, bakwai." Gwiwarta ta bugi kujera. Ta buɗe ido ta karkata kai. "Ke ce? Kada ki ƙara matsar da kujerar nan. Duk abin da na ajiye ki bar shi inda yake."

"Inna, me kike yi haka? Ai har yanzu kina ɗan gani."

"Shi ya sa nake koya yanzu, tun ina iya buɗewa in ga inda na yi kuskure." Ta tura kujerar jikin bango da ƙafa. "Daga gado zuwa ƙofa takwas ne. Na iya wannan. Na bayan gida ne ke ba ni wahala, akwai kwana."

Auta ta ajiye jakarta a ƙasa, sai ta tuna, ta ɗauke ta ta rataye a ƙusa.

"Zo ki tsaya a bayana," in ji Inna, ta sake rufe ido. "Kada ki riƙe ni. In zan bugi bango kawai ki ce min."